Aikin sa-kai da takardun zama a Amurka da Birtaniya: wane taimako ne doka ke kira aiki?

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutanenmu da ke Amurka da biza, wai muddin ba a miƙo maka kuɗi ba, ba ka yi aiki ba. Ɗalibi ya tsare wa kawunsa shago a Bronx ranar Asabar. Matar da ta biyo mijinta karatu ta riƙa yi wa wani ƙaramin kamfani lissafi kyauta, don kada abin da ta karanta ya bi ruwa. Baƙo ya zo ziyarar wata biyu, zama ya ishe shi, ya shiga kicin ɗin gidan abincin mai masaukinsa yana kama musu. Duk wanda ka tambaya a cikinsu amsar ɗaya ce: ai taimako nake yi, ko sisi ba a ba ni. A wurin hukuma kuwa, su ukun suna iya zama masu aiki ba da izini ba. Rashin biyansu bai wanke su ba, sai ma ya ƙara wa mai shagon laifi na biyu.

Abin da ke kawo ruɗanin shi ne dokoki biyu ne suka haɗu a kan lamarin, kowace da hukumarta da abin da ya dame ta. Ta farko ita ce dokar shige da fice. A 1986 shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta haramta ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki, daga nan aka samu fom ɗin I-9 da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa. Ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ce ma'aikaci shi ne wanda ke yi wa wani hidima ko ƙwadago don albashi ko wata sakayya daban. Mutane sukan ji albashi su tsaya nan, alhali ƙarshen maganar ne ke kama mutum. Ɗakin kwana sakayya ne, abinci ma haka, kuma lauyoyi sukan lissafa har da alkawarin za a ɗauke ka aiki idan takardunka sun fito.

Ta biyu ita ce dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta kafa mafi ƙarancin albashi na tarayya, da ke tsaye a dala 7.25 a awa tun 2009. Ita ba ruwanta da biza. Abin da ta sa gaba shi ne kada mai dukiya ya ci gumin wani a banza, kada kuma mai aikin kyauta ya karya wa masu neman abinci farashi. Ta buɗe ma'anar ɗaukar aiki sosai: ko barin mutum ka yi yana yi maka aiki kana kallo, ka ɗauke shi ke nan. Shi ya sa ma'aikatar ƙwadago ta tsaya a kan cewa ba a yi wa kamfanin neman riba aikin sa-kai. Ko haifaffen Chicago ne, ba zai ce ya sa kansa tsaron kanti kyauta ba, doka za ta ce yana bin mai kantin kuɗi. To haɗa biyun ka gani. Idan dokar ƙwadago ta ce aikin da ka yi na biya ne, ka zama ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi. Hukumar shige da fice kuma sai ta ce, tunda ma'aikaci ne kai, ina izininka?

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1985. Wata gidauniyar addinin Kirista ta Tony da Susan Alamo tana da gidajen mai da shagunan tufafi da na kayan masarufi da gonakin aladu da kamfanin gine-gine, masu yi mata aiki kuwa mabiyanta ne, yawancinsu mutanen da suka fito daga shaye-shaye ko kwanan titi. Ba a ba su albashi, ana dai ba su ci da sha da sutura da wurin kwana. Wasu daga cikinsu da kansu suka ba da shaida cewa ba sa son ko kwabo, don Allah suke yi. Kotu ta ce duk da haka ma'aikata ne. Ta ce abin da ake ba su albashi ne ta wata siffa. Ta kuma ce idan aka bar mutum ya yafe haƙƙinsa da bakinsa, kowane mai kamfani zai matsa wa yaransa su zo su ce sun yafe, sannan gidan man da ke biyan ma'aikatansa ba zai iya gogayya da wanda ba ya biya ba. Wato kyakkyawar niyyarka, wadda ita ce komai a wurinka, ba ita kotu ke aunawa ba. Tana duba wa ke cin ribar aikin, da kuma wa aka hana gurbi.

Shekara uku kafin nan, hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta yanke makamancin wannan hukunci a kan wani baƙo mabiyin cocin Unification, wanda ke yawon tara wa cocin kuɗi, ita kuma ta ɗauke masa ci da kwana. Aka ce aiki ne ba da izini ba, ya rasa damar gyara takardunsa daga cikin ƙasar. Kada kuma a ɗauka tsohon zance ne. A farkon 2025 an tsare wata matashiya 'yar Birtaniya kusan mako uku a gidan tsare baƙi na Tacoma a jihar Washington, kafin a mayar da ita gida. Yawon buɗe ido take yi, tana sauka a gidajen mutane, tana yi musu shara da 'yan aikace-aikace a madadin wurin kwana. Farar fata ce mai fasfo ɗin ƙasar da ba a ma neman biza a hannun 'ya'yanta idan ziyara suka zo. Mai koren fasfo sai ya yi wa kansa lissafi.

Wurin da abin ke yi wa Bahaushe wuyar shiga kai shi ne mu a gida ba mu raba taimako gida biyu ba. Idan an yi gayya, gonar mutum ɗaya ake nomewa, amfanin ma nasa ne shi kaɗai, a kawo fura da tuwo a ci a watse, kuma babu mai cewa an yi ƙwadago. A ma'aunin Amurka kusan duk alamomin aiki sun cika a nan: gonar ta neman riba ce, aikin na 'yan ƙwadago ne, an kuma ciyar da kai. Taimakon da muka fi ɗauka wajibi, na ɗan'uwa a kan sana'arsa, shi ne wanda ya fi haɗari ga mai biza. Wanda ake yi wa baƙin da ba ka sani ba, ta hannun wata ƙungiya mai rajista, shi ne doka ta sakar wa mara.

Domin halastaccen aikin sa-kai yana nan, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kusan kowa, ko ɗalibi ko matar ɗalibi ko mai jiran hukuncin neman mafaka. Siffarsa sananniya ce. Ana yi wa ƙungiyar da ba ta neman riba ko wata hukumar jama'a, don jinƙai ko addini ko amfanin gari. Ba a biya, ba a kuma sa ran biya. Mutum ne ya kawo kansa ba tilas, kuma gurbin da ya shiga irin wanda aka saba ganin masu sa-kai a ciki ne. Raba abinci a rumbun tallafa wa mabuƙata, shimfiɗa tabarmi da rabon buɗa-baki a masallaci cikin azumi, koya wa yaran 'yan gudun hijira karatu da yamma, share dandalin unguwa: babu mai taka doka a nan. Ko an mayar maka da kuɗin motar da ka kashe, ba albashi ba ne, muddin abin da ka kashe ɗin aka mayar.

Sharaɗin ƙarshen nan, na irin gurbin, shi ne ke kayar da masu ilimi. Jami'o'i da manyan asibitoci da yawa ƙungiyoyi ne da ba sa neman riba, sai mutum ya ɗauka duk abin da ya yi musu kyauta sa-kai ne. Amma bincike a ɗakin gwaje-gwaje aikin albashi ne, haka rubuta manhajar kwamfuta, haka duba marasa lafiya. Shi ya sa likitan da ya zo da bizar ziyara ake ba shi damar ya tsaya ya kalli yadda ake aiki ya yi tambaya, amma ba ya taɓa majiyyaci. Mafi muni shi ne tayin da ake yi wa wanda ke jiran katin izinin aiki: ka fara zuwa yanzu, idan katin ya iso sai mu sa ka a albashi. Mai tayin yakan ga alheri yake yi. Amma aikin da za a biya ka a kansa wata mai zuwa, a wannan watan ma aikin biya ne, kuma kamfanin da kansa ya rubuta shaidar hakan ranar da ya ba ka takardar ɗauka a kan kujerar da ka riga ka ɗumama.

Bizar ziyara tana da wata 'yar kafa da mutane ba su cika sani ba. Littafin ƙa'idojin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya yarda a ba da bizar ziyara mai lamba B-1 ga ɗan wata sananniyar ƙungiyar addini ko ta agaji da zai zo shirin hidimar sa-kai don amfanin mabuƙata a Amurka. Sai ya zo da wasiƙar ƙungiyar mai ɗauke da sunansa da inda zai sauka da tsawon zamansa, ba a biyansa sai kuɗin ɗawainiya, kuma shirin ba zai ƙunshi sayar da kaya ko roƙon gudummawa ba. Wannan na ƙarshe ya shafi duk mai niyyar zagaya masallatan New York da Houston da takardar neman taimakon gina makaranta a gida. Malamin da za a ɗauko ya zauna yana limanci ana biyansa kuwa, bizarsa daban ce, R-1.

Sai batun iyaye mata. Ɗiya ta haihu a Maryland ko Minnesota, uwa ta taso daga Kano ko Kumasi don ta yi mata zaman jego. A wurinmu ko tambaya ba a yi. A tagar ofishin jakadanci ko a filin jirgi kuwa, amsar da ta bayar tana iya juya komai. Zuwa ganin jika da ɗiya ziyara ce. Zuwa riƙe jariri don uwarsa ta koma aiki, a kunnen jami'i, gurbin mai raino ne, mai raino kuwa biyanta ake yi. Ni a ganina wannan tsaurin ya wuce hankali, domin kakar da ta goya jikanta ba ta ƙwace wa kowa abinci ba. Amma jami'in da ke bakin ƙofa yana da ikon mayar da mutum a jirgi na gaba, kuma shekara da shekaru lauyoyi suna gargaɗi a kan wannan amsar. Ba ana nufin a yi ƙarya ba ne. Ana nufin iyali su tsara zuwan ya zama ziyara ta gaskiya, da ranar komawa, kada ya zama an ɗauko Hajiya ta maye gurbin gidan raino na wata shida.

Ɗalibai masu bizar karatu ta F-1 su ne lamarinsu ya fi sarƙewa. Suna da izinin aikin awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin karatu. Koyon makamar aiki a kamfani ba tare da biya ba yana iya halasta a dokar ƙwadago, idan ɗalibin ne ya fi cin moriyar zaman ba kamfanin ba, ma'aunin da wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta kafa a 2015, ma'aikatar ƙwadago ta ɗauka a 2018. Duk da haka ofisoshin kula da ɗaliban waje sukan ce a nemi izinin CPT tukuna, wato izinin koyon aiki a wajen makaranta a matsayin ɓangaren karatu, don idan daga baya aka ce zaman aiki ne, takarda ta riga ta rufe shi. Bayan kammala karatu sai abin ya juye. A shekarar OPT, wato izinin aikin da ake ba ɗalibi bayan ya gama karatu, ɗalibi ba zai wuce kwana 90 ba shi da aiki ba, kuma a nan hukuma ta yarda a lissafa aikin sa-kai a matsayin aiki, idan ya kai awa 20 a mako, ya dace da fannin da aka karanta, bai kuma saɓa wa dokar ƙwadago ba. Ɗalibai da dama da wannan suke tsayar da agogon. Amma masu fannin kimiyya da fasaha da suka nemi ƙarin wata 24 a kan OPT, ƙa'idar 2016 ta rufe musu wannan hanya: sai aikin biya, a wurin da ke cikin tsarin E-Verify na tantance izinin aiki, da fom ɗin tsarin horo na I-983 da mai kamfani ya sa wa hannu. Aiki ɗaya, a tebur ɗaya, a watan Yuni yana ceton takardun mutum, a watan Yuli ba ya ƙirguwa.

Me ke biyo baya idan aka ce mutum ya yi aiki ba izini? Ya karya sharaɗin bizarsa. Ɗalibin da ya rasa matsayinsa ta wasu dalilai yana iya neman a mayar masa, amma ƙa'ida ta cire wanda ya yi aiki ba izini daga wannan rangwame. Dokar neman katin zama na dindindin daga cikin ƙasar ma ta toshe masa hanya, sai wasu kaɗan da aka ɗaga wa ƙafa, fitattunsu biyu: makusancin ɗan ƙasa, wato mata ko miji ko iyaye ko ɗan da bai kai shekara 21 ba kuma bai yi aure ba, da mai nema ta hanyar aiki idan saɓawar ba ta wuce kwana 180 ba. Su ma sai sun faɗa, domin fom ɗin yana tambaya ƙarara. A da, wanda ya yi tuntuɓe yakan koma gida ya sake neman biza. Yanzu wannan hanyar ta ƙuntace. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Yuli ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya ta wata uku, a Disamba kuma ta sa Nijar cikin jerin waɗanda aka hana baki ɗaya, Najeriya cikin waɗanda aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu. Wanda ya fita saboda Asabar huɗu a shagon kawu, dawowarsa ba a hannunsa take ba.

Da mutum ya samu girin kad, wato katin zama na dindindin, duk wannan ya wuce. Yana iya yin kusan kowane aiki, ya tsare shagon wanda ya ga dama. Daga nan aikin sa-kai ya daina zama abin tsoro ya koma abin tarawa. Mai neman zama ɗan ƙasa, bayan shekara 5 da katin ko 3 idan yana auren ɗan ƙasa, dole ya nuna yana da kyawun hali. Shekaru da yawa a aikace ma'anar wannan ita ce ba ka da babban laifi, ka biya haraji, ba ka gudu ka bar 'ya'yanka ba. A watan Agustan 2025 hukumar USCIS, mai kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa, ta fitar da umarni ga jami'anta cewa rashin laifi kaɗai bai wadatar ba, su duba abin kirkin da mutum ya kawo: hidimar al'umma mai ɗorewa, kula da iyali, karatu, tsayayyen aiki, biyan haraji. A watan dai ta ce za ta farfaɗo da binciken unguwa, wato tambayar maƙwabta da abokan aiki, abin da aka jingine tun 1991. Majalisa ba ta mayar da sa-kai sharaɗi ba, babu kuma adadin awoyin da aka yanka. Amma wasiƙa daga limami ko shugabar rumbun abinci, mai kwanan wata da bayanin abin da mutum ya yi, yanzu tana da nauyin da ba ta da shi a da. Mutanenmu suna hidima sosai, ba sa dai ajiye takarda. Wanda ya shekara goma yana wankan gawa da haɗa jana'iza a masallacin unguwa, ko a mafarki bai taɓa tunanin neman shaida ba, wani ma zai ga neman ta kamar ɓata ladan ne.

Akwai ramuka a wannan ɓangaren ma, kuma sun fi na baya zurfi. Siyasa ce ta farko. Hukumar zaɓen tarayya ta yarda baƙo ya yi wa ɗan takara aikin sa-kai, ya buga waya ya ƙwanƙwasa ƙofofi, muddin ba a biya shi ba, bai ba da kuɗi ba, bai kuma shiga cikin masu yanke shawarar kamfe ba. Mai girin kad ma har kuɗi yana iya bayarwa. A kan wannan iyakar aka yi ce-ce-ku-ce a Oktoban 2024, lokacin da kwamitin kamfen Donald Trump ya kai ƙarar 'yan jam'iyyar Leba ta Birtaniya da suka je taya Kamala Harris. Amma kusantar zaɓe wasa da wuta ne ga wanda bai yi rantsuwa ba. Fom ɗin rajistar zaɓe yana da akwatin da ke cewa ni ɗan ƙasa ne. Tun 1996, wanda ya yi da'awar zama ɗan ƙasa a ƙarya don samun wata moriya, ko ya jefa ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba, yana iya rasa katinsa a kore shi, kuma kusan babu afuwa. Wanda ya je taya rajistar masu zaɓe, wani ya ce kai ma cike mana, hannu ɗaya ya isa ya rushe shekara goma.

Na biyu shi ne wa ka taimaka wa. A 2010 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ko horo ko shawara aka ba ƙungiyar da gwamnati ta sa a jerin 'yan ta'adda, laifi ne, ko da a kan hanyar sulhu aka ba da shawarar. Dokar shige da fice ta fi haka tsauri: a 2018 hukumar ɗaukaka ƙara ta ce wata mata 'yar El Salvador da 'yan tawaye suka sace suka tilasta wa girki da wanki ta ba su tallafi. Boko Haram da Ansaru suna cikin jerin tun Nuwamban 2013, don haka wanda ya taɓa zama ƙarƙashin ikonsu bai kamata ya cike fom ba lauya ba. Fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa kuma yana tambaya ko ka taɓa shiga ko taimaka wa wata ƙungiya mai ɗauke da makami, ya ambaci 'yan banga da ƙungiyoyin kare kai. Matashin da ya yi ƙato da gora a Maiduguri a 2013, ko ya yi sintiri a ƙauyensu a Zamfara, a wurinsa ya kare garinsu ne kyauta, kuma gaskiyarsa. Amsar tambayar dai e ce. E ɗin ba ta nufin an hana shi, tana nufin zai yi bayani. A'a ce ke kashewa, domin ƙarya a ƙarƙashin rantsuwa don samun takarda tana soke kyawun hali ko da a kan ƙaramin abu ce, haka Kotun Ƙoli ta ce a 1988, kuma idan ƙaryar ta taka rawa wajen samun zama ɗan ƙasa ana iya ƙwace shi bayan shekaru.

Birtaniya ta bi wata hanyar, ta rubuta iyakokin a fili. Ta raba masu aikin kyauta kashi biyu. Akwai wanda ba shi da wata yarjejeniya, ya zo ran da ya ga dama, ba ya maye gurbin ma'aikaci. Akwai kuma wanda aka ɗora wa wajibi, aka yanka masa ranaku da awoyi, ko da ba a biyansa. Na farko ba aiki ba ne a dokar shige da fice, na biyu aiki ne. Ɗalibin digiri mai izinin awa 20 a mako, idan ya yi 15 a kanti ya ƙara 8 na nau'i na biyu a shagon wata ƙungiyar agaji, ya haura. Mai bizar ziyara yana da kwana 30 na sa-kai, a ƙungiyar da ke da rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji kawai. Mai son fiye da haka akwai bizar ma'aikacin agaji ta wata 12. Mai neman mafaka, wanda aka hana aiki ake ba shi abin da bai kai fam 50 a mako ba, an yarda ya yi sa-kai tun ranar farko. Mai shagon da aka kama da ɗan'uwa yana taya shi ba izini kuwa, tun Fabrairun 2024 tararsa ta kai fam 45,000 a kan mutum ɗaya, 60,000 idan ya maimaita.

Birtaniyar ce kuma ta fi Amurka nisa wajen mayar da sa-kai kuɗin sayen zama. Gwamnatin Gordon Brown ta yi doka a 2009 da za ta rage wa mai hidimar al'umma shekara biyu a hanyar zama ɗan ƙasa. Ba a taɓa aiki da sashen ba, gwamnatin haɗaka da ta gaje ta ta yi watsi da shi a 2010. Sai ga shi ya dawo. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta ce za ta ɗaga jiran zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10, a Satumba ministar cikin gida Shabana Mahmood ta faɗa wa taron jam'iyya a Liverpool cewa hidimar al'umma za ta shiga lissafi, a Nuwamba kuma takardar neman ra'ayin jama'a ta kawo shawarar rage wa mai sa-kai shekara 3 zuwa 5. Takardar dai ta ba da shawarar shekara 15 ga masu ayyukan da ba sa buƙatar digiri, cikinsu har da masu kula da tsofaffi, fannin da 'yan Najeriya ke cikin ƙasashen da suka fi cika shi.

Nan ne nake ganin tsarin ya karkace. Sa-kai na buƙatar rarar lokaci, rarar lokaci kuwa ta mai wadata ce. Matar da ke wuni awa 12 tana ɗaga tsofaffi tana yi musu wanka a Manchester, ta dawo ta tarar da 'ya'ya, ita ce ake shawarar a ɗora wa jiran shekara 15, ita ce kuma aka ce ta nemo awoyin kyauta idan tana son ragi, kamar aikin da take yi ba hidimar al'umma ba ne. Mai babban albashi kuwa takardar ta ba shi nasa ragin ta hanyar kuɗin da yake samu, ba sai ya share ko'ina ba. Sannan idan mutum yana sa-kai ne don a rage masa shekaru, ya zama mai sa ran sakayya, abin da dokokin ƙasashen biyu suka ce shi ke raba mai sa-kai da ma'aikaci. Wanda ya san takardunsa na rataye da sa hannun shugaban wata ƙungiya ba zai iya cewa yau ba zan zo ba. Ƙungiyoyin agaji da yawa a Birtaniya sun fito sun ƙi shawarar saboda wannan, suka ce ba za su zama masu ƙirga wa ma'aikatar cikin gida awoyin baƙi ba.